Mariya Merian: Matar Da Ta Bi Tsutsa Har Ta Gano Uwarta

Yau za mu ɗan jingine zancen girki da reno, mu ɗauko tarihin wata mata wadda ta bar duniya fiye da shekara 300 ke nan, amma har gobe masana ilmin ƙwari ba su gama ambatonta ba. Sunanta Maria Sibylla Merian, mu dai sai mu kira ta Mariya.

Kafin mu shiga labarinta, bari in yi muku wata tambaya. Uwargida ta auni wake da kaka, ta tsince shi tas, ta zuba a tukunya ta rufe. Bayan wata biyu ta buɗe, sai ta tarar ƙwari sun cika tukunya, kowace ƙwayar wake da hudarta. To, ta ina suka shiga? Haka kuma nama in ya kwana biyu a buɗe, ko ruwan randa in ya daɗe ba a juye ba. Mukan ce wake ya yi ƙwari, nama ya yi tsutsa, ruwa ya yi tsutsa, watau kamar abin ne da kansa ya haife su.

Kada wata ta ji kunya, ba mu kaɗai muka taɓa zaton haka ba. Manyan malaman Turai sun yi kusan shekara dubu biyu suna koyar da cewa ƙwari daga taɓo da ruɓaɓɓen abu suke tsirowa, don haka Aristotal, malamin nan na ƙasar Girka, ya rubuta. Cikin waɗanda suka kawar da wannan zato har da matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ba ta taɓa shiga jami'a ba.

An haifi Mariya ran 2 ga watan Afrilu na 1647 a birnin Farankfot na ƙasar Jamus. Ubanta, Matthäus Merian, sanannen mai buga littattafai ne, kuma gwani ne wajen zana hoto a kan farantin tagulla don a buga shi a takarda. Tana da shekara uku ya rasu, cikin 1650. Shekara ta zagayo uwarta ta sake aure, ta auri wani mai zanen furanni ana ce da shi Jacob Marrel. Ga Mariya ta zama agola. Amma Allah ya haɗa ta da mijin uwa nagari, bai bar ta wajen wanke-wanke kaɗai ba, ya zaunar da ita cikin almajiransa ya koya mata zane da haɗa launi.

Masu zanen furanni na zamanin sukan ɗan ɗora tsutsa ko ƙwaro a gefen fure don ado. Daga nan hankalin yarinyar ya koma kan tsutsar, ya bar furen. Cikin 1660, tana da shekara 13, sai ta samo tsutsotsin siliki ta shiga kiwonsu cikin akwati, tana ba su ganyen da suke ci. Da idonta ta ga ɗan ƙwai kamar ƙwayar gero ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Ta ga tsutsar tana ci tana girma tana saɓa. Ta ga ta daina ci, ta naɗe kanta cikin wani ɗan gida na zare ta kwanta shiru kamar ta mutu. Bayan 'yan makonni gidan ya hude, wani farin ƙwaro mai fukafukai ya fito, macen ta haɗu da namiji, ta saka ƙwai irin na farko. Zance ya koma inda ya faro, babu taɓo a ciki ko kaɗan.

Wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, ai gidan tsutsa ne. Tsutsotsin sukan taru da yawa su saƙa gida ɗaya, a ciro shi a dafa da toka, mata su kaɗa shi da mazari. Kakanninmu sun san tsutsar sarai. Abin da Mariya ta ƙara shi ne ta tambayi kanta, shin sauran tsutsotsin da ke cikin lambu su ma haka suke? Wannan tambaya ita ta bi har ƙarshen ranta.

Cikin 1665, tana da shekara 18, aka yi mata aure da Johann Graff, ɗaya daga cikin almajiran mijin uwarta. Ta haifi 'yarta ta fari, Johanna, cikin 1668, kuma cikin 1670 suka tashi zuwa Nurambag, garin mijin. A can dokar masu sana'a ba ta yarda mace ta yi zane da fentin mai ba, wannan na maza ne. Ba ta tsaya jayayya ba, ta riƙe fentin ruwa har ta gagari maza a kansa. Ta kuma tara 'yan mata tana koya musu zane da ɗinkin ado, tana sayar musu da launi, ta haka take taimakon gida. Littafinta na farko ma, wanda ya fara fitowa cikin 1675, na furanni ne, don mata su riƙa kwaikwayo wajen ɗinki.

Duk da haka akwatunan tsutsa suna nan cike da ɗaki. Ku duba irin wahalar. Kowace tsutsa sai an san ganyen da aka same ta a kai, a riƙa ciro mata sabo kullum, don ta lura da yawa daga cikinsu sun gwammace su mutu da yunwa da su ci ganyen da ba nasu ba. Ta rubuta ranar da tsutsa ta saɓa, da ranar da ta kwanta, da ranar da ta tashi. Wata sai ta yi watanni a kwance. Wata ta mutu, a jira baɗi a sake. Ga miji, ga goyo, ga tukunya a kan wuta. Kuma a Jamus ta wancan zamani ana kama mata da zargin maita har a ƙone su, don haka macen da aka ga tana tara tsutsotsi a ɗaka ba za ta rasa masu tsegumi ba.

Cikin 1678 ta haifi 'yarta ta biyu, Dorothea. Shekara guda bayan haka, cikin 1679, ta fitar da littafinta na tsutsotsi mai hoto 50, sa'an nan kashi na biyu ya biyo cikin 1683, shi ma da hoto 50. A kowane shafi za ki ga tsiro guda, ga ƙwai, ga tsutsar tana cin ganyen har da inda ta ɓula, ga gidan da ta kwanta, ga kuma malam-buɗe-littafi ko faɗa-wutar da ta zama.

Gaskiya ne ba ita kaɗai ce mai wannan bincike ba. Cikin 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama cikin kwalabe, waɗansu a buɗe waɗansu a rufe da ƙyalle. Na buɗe ya yi tsutsa, na rufe bai yi ba, don ƙuda bai sami sauka ya yi ƙwai a kansa ba. Amma yawancin masana na lokacin matattun ƙwari suke sokewa da allura su jera a akwati, tsutsa daban, uwarta daban. Mariya kuwa da ransu ta bi su, ta haɗa kowane da abincinsa. Abu na biyu, malamai da Latin suke rubutu, harshen da sai wanda ya yi zurfi a makaranta ke ji. Ita kuwa da Jamusanci ta rubuta, harshen kasuwa da na tsakar gida, yadda kowace mace mai karatu za ta gane.

Akwai wani abin mamaki da ta riƙa gani. Wani lokaci tsutsa za ta kwanta, ana jiran malam-buɗe-littafi, sai a ga ƙudaje ko waɗansu 'yan ƙananan rina sun fito daga cikinta. Ba ta ɓoye ba, ta zana abin yadda ta gan shi. Yau an san dalili: wani ƙwaro ne ke saka ƙwansa a jikin tsutsar, 'ya'yansa su cinye ta daga ciki. Ku dubi zanzaro a bangon ɗakinku. Yakan gina ɗan ɗakinsa na laka, ya ɗauko tsutsa ya cusa ya liƙe, bayan kwanaki sabon zanzaro ya fito. Mai kallo daga nesa sai ya ce tsutsar ce ta rikiɗa. A'a. Harbinta ya yi ta sandare, ya saka ƙwansa a ciki, ita tsutsar guzuri ce ya ajiye wa ɗansa. Ashe zanzaro ɗan taimakon manomi ne.

Zaman aure dai bai yi wa Mariya daɗi ba har ƙarshe. Mijin uwarta ya rasu cikin 1681, ta koma Farankfot don ta kula da tsohuwarta. Cikin 1685 ta ɗauki uwar da 'ya'yanta biyu suka tafi wani ƙauye a arewacin ƙasar Holan, inda wata jama'a ta masu tsananin ibada ta addinin Kirista ke zaune, da wanta a cikinsu. Mijin ya bi sawu don biko, ba ta komo ba, daga baya auren ya mutu. Ba mu san tsakanin miji da mata ba sai Allah, kuma ba wannan ne darasinmu ba. Abin lura shi ne, da ta wayi gari ba miji, sana'ar hannunta ce ta rufa mata asiri ita da 'ya'yanta. Bayan rasuwar uwarta cikin 1690, sai ta koma birnin Amstadam cikin 1691, ita da 'yan matanta suna zane suna sayarwa.

A gidajen attajiran Amstadam ta ga ƙwari masu ban sha'awa da 'yan kasuwa ke kawowa daga ƙasashen zafi. Amma duk matattu ne, ba wanda zai gaya mata wace tsutsa ce ta zama wannan, ko wane ganye ta ci. Gani ya kori ji. Sai ta ƙudura niyyar zuwa da kanta. Ta sayar da zane-zanenta 255, ta rubuta wasiyya, cikin watan Yuni na 1699 ta shiga jirgin ruwa ita da Dorothea, suka nufi Surinam, wata ƙasa a Amurka ta Kudu wadda Holan ke mulki a lokacin. Shekarunta 52, shekarun da mace a wurinmu take zaune tana wasa da jikoki. Wajen wata biyu suka yi a kan teku.

Surinam ƙasar rake ce, kuma bayi ne ke noman, waɗanda aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Turawan da ke can ba abin da ya dame su sai sukari, har dariya suka riƙa yi mata don ta ƙetaro teku neman tsutsa. Waɗanda suka taimake ta su ne bayin nan da 'yan asalin ƙasar. Su suka sare mata hanya cikin kurmi, su suka kawo mata tsutsotsi, matansu kuma suka gaya mata amfanin itatuwa: wannan na ci ne, wannan magani ne, ga yadda ake matse ruwan rogo mai guba kafin a yi gurasa da shi. Ta rubuta irin azabar da iyayengijin ke gana musu. Sai dai ita ma da ƙarfin bayi ta yi aikinta, kuma ba ta rubuta sunan ko ɗaya daga cikin matan nan ba. Ya kamata mu tuna da su, don wani kaso na ilmin da ke cikin littafin nata nasu ne.

Ba ta cika shekara biyu ba ciwo ya kwantar da ita, har ta kusa rasa ranta, tilas ta kamo hanyar gida cikin 1701. Masu tarihi da yawa suna jin zazzaɓin cizon sauro ne. Ku ji ikon Allah, matar da ta san sirrin ƙwari fiye da kowa a zamaninta, ƙwaro ne ya kayar da ita, ita kuwa ba ta sani ba. Sai cikin 1897, bayan kusan shekara 200, wani likita Bature mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin sauro. Shi ma ta hanyar Mariya ya bi, watau kiwon ƙwaron da zura masa ido.

Cikin 1705 babban littafinta na ƙwarin Surinam ya fito da hoto 60. In kika buɗe shi sai ki ce kasuwar Kalgo kika shiga, don ga rogo, ga ayaba, ga gwanda, ga gwaba, ga kankana, ga auduga, ga abarba da kyankyaso a kanta, kowane da ƙwarin da ke cinsa. A wani shafi ta zana wani ƙaton gizo-gizo ya danne ɗan tsuntsu yana ci. Bayan rasuwarta waɗansu masana suka ce ƙarya ce, tatsuniyar mace ce kawai. Aka yi shekaru ana haka, sai wani masani ɗan Ingila, Henry Bates, ya ga irin wannan gizo-gizo ya kashe tsuntsaye a ƙasar Barazil, ya rubuta cikin littafinsa na 1863. Akwai 'yan wurare da ta haɗa tsutsa da uwar da ba tata ba, na baya suka gyara, amma yawancin aikinta ya tsaya daram. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin da ya tsara sunayen halittu, ya dogara da hotunanta wajen sa wa ƙwari da yawa suna.

Cikin 1715 ciwon shanyewar jiki ya same ta. Ta rasu a Amstadam ran 13 ga Janairu na 1717, tana da shekara 69. Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya sa aka saye masa zane-zanenta masu yawa, suna nan a ajiye a birnin San Fitasbag. Dorothea ta ƙarasa kashi na uku na littafin tsutsotsi ta fitar da shi a shekarar, sa'an nan ta tafi Rasha da mijinta ta ci gaba da sana'ar uwarta. Daga baya Jamus ta sa hoton Mariya a takardar kuɗinta ta mak 500, wadda aka yi ta kashewa har kuɗin yuro ya maye gurbinta cikin 2002.

To 'yan'uwa, me ya haɗa mu da wannan Bajamushiya? Abu guda ne: kowane ƙwaro da uwarsa, kuma duk wanda ya san inda uwar ke saka ƙwai ya san inda zai tare ta.

Mu koma kan waken nan. Uwar ƙwaron tun a gona take manna ƙwanta a jikin kwanson wake. 'Yar tsutsar ta huda ƙwayar ta shige, ta yi ta ci daga ciki, cikin kamar wata guda ta fito da fukafukai ta sake saka ƙwai a kan sauran. Ba shiga suka yi ba, da su kika rufe tukunyar. Maganinsu a shanya wake a rana mai zafi ya bushe ƙayau, a zuba a jarka ko buhun nan mai ciki uku, a cika a ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba. Su ma numfashi suke yi, in babu iska sai su mutu. Wannan ya fi a barbaɗa wa abincin yara maganin ƙwari mai guba.

Ƙuda kuma a kan kashi da juji da ɗanyen nama yake ƙwai, da zafin nan namu cikin kwana goma ɗansa ya tashi. Rufe abinci, rufe bakin masai, kwashe kashin yaro nan da nan, kin yanke masa zuriya.

Babban abokin gaba kuwa shi ne sauro. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi cikin 2021 ya nuna a Jihar Kebbi yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓi a jininsu, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cikin Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, don da jini take yin ƙwai, kuma a ruwa take sakawa. 'Yan abubuwan nan masu wutsil-wutsil cikin ruwa 'ya'yanta ne, cikin mako guda zuwa kwana goma sun yi fukafukai. Sauron shawara ya fi son randa da kasko da tsohuwar taya, don haka a rufe randa, a juye a wanke ta kowane mako. Sauron zazzaɓi kuwa ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, kamar ramin da aka haƙa don yin tubali, da sawun shanu, da gefen fadamar shinkafa. Na ƙofar gida mu cike shi da ƙasa. Fadama kam ba mai iya cike ta, ita ce abincinmu, saboda haka gidan sauro kowane dare ba fashi, musamman ga mai ciki da ƙananan yara, a kuma kai yaro allura in lokacinsa ya yi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin hutu. Tumfafiya ba ta da wuya a bayan garin Gwandu ko Kalgo. Ku duba ƙarƙashin ganyenta, za ku sami wata tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya. Ku sa ta cikin kwalba mai faɗin baki, ku rufe da ƙyalle, ku riƙa sa mata sabon ganyen tumfafiya kullum. Ku yi hankali da nonon ganyen kada ya taɓa muku ido, ku wanke hannu, kada kuma ku taɓa gizaka mai gashi. Ku rubuta kwanan wata a littafi, ku zana abin da kuka gani. Za ta rataye kanta ta dunƙule, bayan kamar mako guda ko kwana goma ku ga abin da zai fito. In ya bushe fukafukansa ku sake shi ya tafi.

Iyaye mata, in kun ga yarinya ta tsuguna tana kallon tururuwa ko tana tambayar da ba ku da amsarta, kada ku kore ta da cewa ta cika bin diddigi. Mijin uwar Mariya da ya kore ta zuwa madafa, da ba mu san sunanta ba. Mu kuwa ba a Turai za mu aro son ilmin mata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa shekara 76 bayan rasuwar Mariya, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Gwandu lokacin da jama'ar Shehu ke zaune a can, ta girma ta karantar da mata har cikin ƙauyuka. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa cikin 2013, mazauninta yana ƙasar Kalgo, a ƙofar gidanmu. Tsutsar da ke cin masara da shinkafa da tumatir a gonakinmu tana jiran wanda zai zauna ya bi ta daga ƙwai har uwa, kuma ba abin da ya hana wannan mai binciken ta zama 'yarki.

Allah ya raya mana su, ya kare mu daga cuta. Sai mun sake saduwa a wannan fili, ku huta lafiya.